Da Naman Yayana a Aljihu Zuwa Kano

Tun ranar da na dawo daga Kano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Ina zama a fada, majalisarmu ta shan shayi, kafin a sauke shayin farko wani zai ce, "Isuhu, wai da gaske an kama ka bakin iyaka da naman mutum?" In na je majema, haka. A masallaci ana sallamewa wani zai jawo mini riga. Labarin ya yi ta ƙiba a bakin mutane, har shekaranjiya na ji wata tsohuwa tana rantsuwa wai kan mutum aka same ni da shi cikin buhu. To, ba kai ba ne, ba kuma buhu ba ne. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya daga tushe, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Ni majemi ne, a nan Dakoro aka haife ni. Yayana Lawali shi ya koya mini jima bayan rasuwar mahaifinmu, kuma har yau, da furfurata da komai, in na jeme fata sai ya juya ta ya samo abin kushewa. Kusan shekara biyu yana fitsarin jini bai gaya wa kowa ba. Ko da ya faɗa ma, wa zai ɗaga kai? Duk wanda ya tashi yana wanka a tabki da damina a cikinmu ya yi tsargiya yana ƙarami, har dariya muke yi wa wanda bai yi ba, wai bai zama namiji ba. Lawali ya ɗauka tsohuwar cutar ce ta waiwayo shi. Sai da jinin ya fara zuwa da gudaji, wata safiya hanyar fitsarin ta toshe gaba ɗaya, matarsa Rakiya ta aiko a kira ni. Na same shi durƙushe bayan ɗaki yana gumi, mutumin da ban taɓa jin ya ce wayyo ba.

A gidan likita na garinmu suka sa masa robar fitsari da jaka, suka ce mu wuce Maradi. Muka shiga mota ni da shi da Rakiya. Ya cusa jakar cikin baƙar leda ya ɓoye ƙarƙashin riga, duk ramin da motar ta faɗa sai ya cije leɓe. Da muka tsaya Kornaka yin azahar ya ƙi fitowa. Na leƙa na ce ga buta.

"Da wanga abu a jikina za ni tsaya gaban Allah?" in ji shi. "Isuhu, ka ji ni da kyau. In dai haka za ni ƙare, da hitsari rataye a ƙugu, ku maida ni gida in mutu da tsarkina."

Maganar ta zauna mini a ƙirji, don na san Lawali ba ya faɗin abu sau biyu.

A Maradi aka yi masa hoton ciki. Lokotoron, wato likitan, wani dogo mai magana a hankali, ya ce akwai tsiro a cikin mafitsara. Bayan kwana huɗu suka sa shi barci, suka bi ta hanyar fitsari da wani siririn ƙarfe suka kankaro abin da suka iya. Washegari ya kira ni ni kaɗai, ya ajiye wata 'yar kwalbar roba mai jan murfi a kan tebur. Cikin ruwan akwai 'yan gutsattsarin nama, babbansu bai fi ƙwayar wake ba.

Ya ce mini abu guda ake son sani: tsiron a saman bangon mafitsara ya tsaya, ko ya riga ya shiga tsoka. In a sama yake, kankara da magani sun isa, mafitsara ta zauna. In ya shiga tsoka, sai dai a cire ta. Dubawar kuma ba a nan ake yi ba, sai Yamai ko Kano. Na zaɓi Kano don ta fi kusa, kuma ina da masauki wurin Alhaji Bala, wanda ya daɗe yana sayen fatunmu. Lokotoro ya rubuta takarda, ya ɗaga yatsa ya ce, "Ruwan nan sunanshi formol. Kada ka buɗe, kada ka rage komi, kada ka ƙara komi." Na ce na ji. Ku riƙe wannan, don na ji ɗin ne, amma ban yi ba.

Sai da aka sallami Lawali bayan kwana biyu, Rakiya ta koma da shi Dakoro, sannan na kama hanya. Na naɗe kwalbar a leda na sa aljihun gefe, don ban yarda in sa ta a jaka a ɗaure saman mota ba. Mu huɗu aka matse a kujerar da aka yi don mutum uku. Kusa da ni wata mai fataucin aya ce, Hajiya Baraka, mace mai jiki masha Allah, wadda ta san kowane mai shinge a hanyar da sunan uwarsa. Duk kwanar da direba ya sha, rabin Hajiya a kaina yake sauka.

Ba mu kai Ɗan Isa ba ta fara murza ido.

"Kai, wanga wari na mine ne? Wa ya ɗauko maganin ƙwari cikin mota?"

Ni ma idona na yaji, cinyata kuma na zafi kamar an shafa tanka, barkonon nan mai zafi. Na sa hannu aljihu na ji jiƙe. Murfin ya tsage, fiye da rabin ruwan ya bi wandona. Na fiddo kwalbar na riƙe ta tsaye a hannu biyu, haka muka ƙarasa.

A ɓangarenmu na iyaka ba a sha wuya ba. Jami'in ya karanta takardar lokotoro, ya ce Allah ya ba shi lafiya. Da muka tsallaka wajen Jibiya aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani mai kaki ya ga yadda nake rungume da leda, ya ce, "Malam, mene ne wannan?"

Da ina da wayo da na ce saƙon likita ne. Amma ni mutum ne da in an tambaye ni nake ba da amsa. Na ce, "Naman yayana ne."

Wata mata ta ja ɗiyarta baya. Mai kakin ya ce in ajiye a ƙasa in matsa, na ce ba na ajiyewa, zai zube. Ya kira wani, wanin ya kira wani. Na miƙa takarda, suka juya ta sama suka juya ta ƙasa, Faransanci ne, su kuwa Ingilishi suka karanta. Ban ga laifinsu ba, ko ni aka ce wa haka sai na riƙe mutum. Amma rana na dukan kwalbar, kuma ita kaɗai nake kallo.

Hajiya Baraka ce ta ratso taron tana gyara mayafi.

"Yallaɓai, dube shi da kyau. Wanga ya yi maka kama da matsahi? Matsahi ne zai ce maka ga nama? Wauta ce dai ta mutanen Dakoro. Ku kira mai hwarar riga ta duba."

Aka kira wata ma'aikaciyar lafiya da ke wurin. Ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta bi takardar da yatsa ta ce kalmomin likitoci duk kusan ɗaya ne a harsunan biyu. Ta ba ni sabuwar leda, ta ce in wanke cinyata da ruwa mai yawa, kuma in yi sauri. Da muka koma mota Hajiya ba ta bar ni ba har Katsina. "Naman yayana ne! Kai ko ɗan yaye ya hi ka dabara." Amma da za mu rabu ta cika mini aljihu da aya, ta ce Allah ya tashi kafaɗun mai ciwo.

A tashar Katsina na yi abin da na fi jin kunyarsa. Ina jiran motar Kano ta cika, na ɗaga kwalbar na duba. Ruwan da ya rage bai fi kaurin yatsa ba, ƙananan gutsattsarin sun manne a jikin roba, sun fara bushewa. Zafi kuwa ba a magana. Duk majemi ya san abu guda: fatar da aka feɗe ba ta jiran tsutsa, ita da kanta take fara cin kanta. In makiyayi ya kawo mini fata daga Azagor ko Tagriss bai sa mata gishiri ba, kafin la'asar gashi ya fara zamewa, kafin gobe ta tashi daga aiki. Shekara talatin hannuna ya san maganin wannan. Maganar lokotoro na kunnena, amma na ce a raina shi bai san murfi zai tsage ba. Na je wurin wata mai tuyar awara na roƙi gishiri, na buɗe kwalbar na zuba tafi guda, na girgiza, na ɗaure bakin da leda da tsumma. Har wani daɗi na ji, wai na ceci yayana.

Da la'asar sakaliya muka shiga Kano. Alhaji Bala ya sauke ni a ɗakin baƙi da ke jikin zaurensa, ɗaki mai fanka da katifa, ga warin fata ta ko'ina, wanda ya sa na ji kamar ina gida. Da safe ya sa ni a adaidaita sahu, ya raka ni har wurin da ake dubawar.

Likitar mace ce, ba ta kai shekarun ƙanwata ba, da tabarau da farar riga a kan atamfa. Ta kwance tsumman, ta ɗaga kwalbar wajen haske, ta ga farin abu kwance a ƙasa.

"Malam Yusuf, me aka zuba a nan?"

"Gishiri ne, ranki ya daɗe."

"Wa ya zuba?"

"Ni."

Ta cire tabarau ta dube ni. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na yi mata bayanin murfi da zafi da fatun Azagor, ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce tunanina ba banza ba ne, nama yana cin kansa kamar yadda na faɗa, amma formol ɗin aikinsa ke nan, ya kashe abin da ke cin naman, ya sandarar da shi yadda yake. "Shi ma wata irin jima ce," in ji ta. Gishiri kuwa yana tsotse ruwa ya motse naman, ita kuma siffar ƙwayoyin take son gani. Ƙananan ta ce in cire rai da su. Babban, tun da ya kwana biyu cikin formol kafin in taɓa shi, wataƙila ya tsira. In bai tsira ba, sai an sake sa Lawali barci an sake kankaro wani. Ta ce in dawo bayan kwana takwas.

Na fito na koma masauki. Na san ko da ɗaure shi aka yi, Lawali ba zai sake hawa gadon nan ba. Alhaji ya ce in koma gida, in sakamako ya fito zai aiko da shi. Na ce ko wata zan yi ba na barin Kano sai da takarda a hannuna, ni na ɓata, ni zan tsaya.

Kwana takwas ɗin nan su suka sa na san Kano. Mutanen kirki ne, amma kullum kamar ana korarsu. Mu nan in ka gai da mutum sai ka tambayi gida, da yara, da gajiya, da bisashe. Can kana cikin "ina kwana" ya riga ya kai kwana, "lafiya lau" ɗin daga bayansa za ka jiyo ta. Na tambayi mai shayi ya ba ni na farko, ya miƙo mini wani ƙaton kofi cike da madara da rabin burodi. Na ce ina na biyu da na uku, ya ce in ina da cikin sha ya ƙara. Furarsu a inji ake dama ta, ta yi laushi har ba ka jin gero a haƙori. Tuwon shinkafa kuma yaudara ce, ka ci ka ƙoshi, kafin ka wanke hannu yunwa ta dawo. Gurasarsu dai da ƙuli da albasa, wannan na sara mata, kullum sai na ci. Kowa Buzu yake kirana, ni da ban taɓa naɗa rawani ba. Ranar da na ce wa mai adaidaita ya kai ni gidan likita, sai ya ce gidan wane likita, a wace unguwa? Asibiti suke cewa.

Rakiya na kirana a waya kullum bayan azahar. Ta ce jinin ya ragu, an cire robar, ya fara fita ƙofar gida, har yana cewa ya warke. Ta ce mi ake ciki. Na ce ana dubawa. Zancen gishiri ban iya faɗa mata ba.

A rana ta biyar Alhaji ya ga zaman ya ishe ni, ya kai ni wani kamfanin jima. Ban taɓa ganin irinsa ba: gangunan katako manya kamar rumbu suna juyawa da fatu a ciki. Mu in mun cire gashi da toka, sai mu jiƙa fata a ruwan fatakka, ciyawar nan mai yaɗo mai farin ruwa kamar nono, ta ci abin da ya rage ta sa fatar ta yi laushi, daga nan a kai ta ruwan bagaruwa. Na tambayi shugaban ma'aikatan ina fatakkarsu. Ya yi dariya ya nuna mini wani gari a buhu, ya ce sunansa enzayim, aikinsu ɗaya. Ya ce da agogo suke sa shi, in ya wuce lokaci sai fata ta yi ruɓu-ruɓu, ka ja ta yage. Na ce wannan ko kakana ya sani, shi da ba shi da agogo.

Rana ta takwas tun kafin a buɗe ƙofa ina wurin. Da likitar ta gan ni ta ce, "Babban ya tsira." Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har mai shara ya waigo. Amma ba ta yi murmushi ba, sai ta ce in shigo in zauna.

Ta sa wani ɗan gilashi a ƙarƙashin madubin da suke duba ƙananan abubuwa, ta ce in sa ido. Na ga ja-ja da shuɗi-shuɗi kamar zanen atamfa. Ta nuna mini wasu jajayen zare kwance a jere, ta ce tsokar mafitsara ke nan. Ta nuna wasu dunƙule-dunƙule masu duhu da suka kutsa tsakaninsu, ta ce cutar ke nan. Har ƙwan tsargiya ta nuna mini, ya ƙandare a ciki tun ban san yaushe ba. Ta ce shekarun da ya yi yana gurzar wurin suna cikin abin da ke jawo irin wannan. Sunan cutar ciwon daji, kuma ya shiga tsoka.

Na ce, "To yaya abu marar haƙori ya huda bango?"

Ta ce tsakanin shimfiɗar cikin mafitsara da abin da ke ƙarƙashinta akwai wani siririn shinge, kuma abin da aka saƙa shi da shi dangin abin da ke riƙe fatar da nake jemewa ne. Jiki yana da wasu sinadarai da ke narkar da wannan saƙar in ana bukata, kamar in rauni zai warke, a rushe tsoho a gina sabo. Sunansu enzayim.

"Na kamfani?" na ce. "Irin na buhu?"

Ta dube ni da mamaki, na ba ta labarin fatakka. Ta ce ba su ne daidai ba, amma aikin ya yi kama. Ciwon dajin yana fitar da su da yawa, yana kuma sa naman da ke kewaye da shi ya fitar, su narkar da shingen, ya samu hanya ya shiga tsoka, daga tsoka ya nemi hanyoyin jini. Jiki yana da nasa abin da ke taka musu birki, amma in sun yi yawa sai su rinjaye shi.

Nan majemin cikina ya sake tashi. Na ce mu in fatakka ta gama aikinta wanke fata muke mu kai ta bagaruwa, cin ya tsaya. Ba a ba shi wani abu haka, ya sha?

"Malam Yusuf," ta ce, "kada ka je ka dafa masa bagaruwa. Na ga aikinka da gishiri." Sai da ta ga na sunkuyar da kai ta sassauta. Ta ce tambayata masu bincike sun yi ta, sun haɗa magungunan da za su toshe waɗannan sinadaran, aka gwada, ba su ba da abin da ake so ba, har suka riƙa sa wa mutane ciwon gaɓoɓi, don jiki yana bukatar sinadaran a wasu wuraren. Abin da ya rage shi ne a cire mafitsarar tun cutar ba ta wuce ta ba, a fitar wa fitsari hanya ta gefen ciki zuwa jaka. Ta ce likitansa ne zai tsara sauran, amma kada mu ce sai an gama girbi, don raguwar jinin ba warkewa ba ce, cin bai tsaya ba.

Na karɓi takarda na sa a aljihun ƙirji. A bakin ƙofa na tsaya na yi kuka, ban ɓoye ba, masu wucewa na kallona. Abin da Lawali ya ce gara mutuwa da shi, shi na yi kwana goma ina nema, kuma shi zan kai masa.

Dawowa ba ta da labari. Ba wanda ya tambaye ni komai a iyaka. Na biya Maradi, lokotoro ya karanta, ya ce aikin a Yamai ake yinsa, ya rubuta mana takardar zuwa. Kafin in shiga gida na biya wurin limaminmu na tambaye shi hukuncin mai jaka. Ya ce mai larura ne, sallarsa ta yi, Allah bai ɗora wa bawa abin da ba ya iyawa ba.

Rakiya ta tare ni a ƙofar gida, ta karanta fuskata tun ban buɗe baki ba.

"Kada ka hwaɗa mashi sunan ciwon," ta ce. "Ka ce tsargiya ce ta yi ƙarhi. Ka san ba a gaya ma marar lahiya haka, zuciyarshi ta karye."

Gaskiyarta, haka muke yi. Haka muka yi wa mahaifinmu, ya tafi bai san abin da ya ɗauke shi ba. Amma na ce mata, "In na ce tsargiya ce, kin san shina cewa a jiƙo mashi sassaƙe. Wa ke yarda a yanke shi don tsargiya? Ki yi haƙuri, yau sai na hwaɗa."

Na same shi zaune kan tabarma a inuwar bedi, wato darbejiya. Na faɗa masa duka, ban rage ba: iyaka, da madubi, da jajayen zaren, da abin da ke narkar da shinge. Na ce, "Yaya, kamar hwata ce da aka manta cikin ruwan hwatakka. Daga sama lahiya lau take, amma cikin shina ci." Har gishirin na faɗa.

Ya ɗago kai. "Gishiri ka sa mani? Ni akuya ne?"

"Tsoro na ji, Yaya."

"Nawa ka sa?"

"Tahi guda."

"Ga abu kamar ƙwarar wake? Ya yi yawa. Kullum hannunka ya cika nauyi."

Na ɗauka an samu sauƙi, sai na kawo zancen jaka da abin da liman ya ce. Fuskarsa ta rufe. Ya ce, "Na hwaɗa maka a Kornaka." Ya tashi ya shiga ɗaki.

Kwana uku bai yi mini magana ba. Rakiya ma ta daina amsa gaisuwata. Ni kuwa kullum da hantsi sai na je na zauna a ƙofar ɗakinsa, na ce ina kwana, na ce takardar Yamai na aljihuna, na tashi. Na riga na yanke a raina ko shekara zai yi yana shiru, ba zan fasa zuwa ba. Tsoro nake ji ƙwarai, don ni kaɗai na ga abin da idona, na san kowace safiya da ya yi shiru abin yana ƙara shiga.

A rana ta huɗu ina majema da hantsi sai ga shi, yana tafe a hankali da sanda. Bai gaishe ni ba. Ya wuce wurin da na shanya jajayen fatun awaki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana murzawa yana shinshinawa. Wannan ta yi tauri, waccan wuƙa ta taɓa ta. Can ya zaro guda ya jefo mini.

"Wagga ta yi dama-dama. Ka kai ma baduku ya ɗinka mani ɗamara da ɗan gidan da za a sa jikkar ciki. In dai sai na rataya ta, ba ni yawo da ita cikin baƙar leda kamar mai sayen kihi."

Na tsaya riƙe da fatar ina kallonsa.

"Mi kake kallo? Samo igiya ka auna ni."

Na tsinko igiyar rama, ya ɗaga riga, na durƙusa na zagaya ƙugunsa. Lawali da yake ɗaukar ɗanyar fatar bijimi shi kaɗai, igiyar da na tsinko sai da ta yi saura da yawa. Na zo ƙulla alamar. Ya sa babban yatsansa ya danne mini wurin.

"Ƙulla nan," ya ce. "A'a, ƙara kaɗan. Ka bar wuri, in na dawo ina ƙiba."